Gidan Haya a Kaduna: Tambayoyin da Ya Kamata a Amsa Kafin a Zuba Kuɗi

Da gaske gidan haya yana da riba kamar yadda ake faɗa?

Yana da ita, amma tafiyar hawainiya take yi. A ce ka kashe naira miliyan 30 wajen fili da gini, kana karɓar miliyan ɗaya da rabi a shekara. Shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗinka ta dawo, ba a ma cire kuɗin fenti da gyaran kwano da kwashe sokawe da watannin da gidan zai zauna ba kowa ba. Abin da ke ceton mai gida shi ne darajar filin, wadda ke hawa ko da ginin ya tsufa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, siminti da rodi suka yi tashin gwauron zabi, albashin ɗan haya kuwa bai bi su ba. Mai son kuɗinsa ya juya cikin wata shida gara ya nufi kasuwa.

Wace unguwa ce ta fi?

Ka fara sanin wa kake son ya zauna a gidan. Malali da Unguwar Rimi da Barnawa na manyan ma'aikata ne, hayar na da kauri amma fili ya yi tsada. Ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki ba ya daɗewa babu mutum a kusa da Kaduna Polytechnic ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU). Rigasa ta ƙara daraja bayan da aka buɗe tashar jirgin ƙasa mai zuwa Abuja a unguwar a 2016, Millennium City kuma ta masu haƙurin jira ce. Duk inda ka zaɓa, je ka gani da idonka a watan Agusta. Filin da ke gefen Kogin Kaduna kyakkyawa ne da rani, amma mutanen Kigo Road sun san abin da ambaliya ke yi.

Takardar mai unguwa ta isa?

Ba ta isa ba, kuma nan ne aka fi yin kuka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da kake samu shi ne izinin mallaka, galibi na shekara 99. A Kaduna, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 ita ke riƙe da bayanan filaye. Kafin ka biya ko sisi, a bincika maka a can: sunan wa ke kan takardar, an jinginar da ita a banki, ko filin ya faɗa cikin hanya ko makaranta? Bayan ciniki a mayar da takarda sunanka, kada ka ajiye ta da sunan wanda ya sayar maka. Sai izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Wanda ya ga rusau a garin nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Gidan gado kuma sai an yi taka-tsantsan. Babban wa zai ce da yawun kowa yake magana, bayan shekara biyu wata ƙanwa da ke aure a Zariya ta bayyana ta ce ba a sanar da ita ba, kuma gaskiyarta ce. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu.

Yaya ake zaɓen ɗan haya?

Dillali la'adarsa yake nema, wadda aka saba kashi 10 cikin 100, don haka kowa mutumin kirki ne a bakinsa. Kai ka tambayi sana'ar mutum, da dalilin barinsa gidan da yake, ka nemi wanda zai tsaya masa. A rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwanka ne, ko ma in ce musamman idan ɗan'uwanka ne: nawa ne kuɗin, yaushe zai ƙare, wa zai gyara famfon rijiyar burtsatse. Kowane sashe ya samu mitarsa ta kati, domin rigimar kuɗin wuta ta raba maƙwabta da yawa.

Idan ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi fa?

Kada ka cire ƙofa, kada ka yaye kwano ko ka watsar masa da kaya, sai ka koma kai ne mai laifi. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma na wata ɗaya. In ya cika bai fita ba, a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Lauya ya rubuta notis ɗin, don kuskuren kwanan wata kaɗai na iya mayar da shari'a farko.

Ina zaune a Abuja, wa zan bar wa kula da gidan?

Wanda za ka iya tuhuma ba tare da zumunci ya lalace ba. Kuɗin haya ya shiga asusunka na banki kai tsaye, wakilin kuma ya turo maka hoto da rasit na duk gyaran da ya ce ya yi.