Waiwaye: Yadda Takardun Soja Suka Zama Hanyar Gano Haihuwar Kakanni

Duk mai bin salsalar gidansu yakan kai inda bakin dattawa ke ƙarewa, takardar haihuwa kuma babu ita, domin rajistar haihuwa ta gwamnati ba tsohon abu ba ce a duniya. Faransa ta karɓe wannan aiki daga hannun coci a 1792, Ingila da Wales suka fara tasu a watan Yulin 1837, Scotland ta biyo baya a 1855, yawancin jihohin Amurka kuwa sai a farkon ƙarni na 20 suka tsayar da ita sosai. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka abin ya fi haka jinkiri nesa ba kusa ba. Rundunonin soja sun riga ofisoshin rajista fara rubuta talaka da sunansa da garinsu, shi ya sa a yau fayil ɗin tsohon soja yakan zama takarda ɗaya tilo da ta rage mai ambaton inda aka haife shi.

Sai dai babu wata runduna da ta taɓa rubuta waɗannan bayanai don amfanin jikoki. Kowace tambaya da aka yi wa kurtu tana da dalilinta, kuma wannan dalili shi ne ma'aunin da ya kamata a auna amsar da shi. A Birtaniya, tun daga tsakiyar ƙarni na 18 bataliyoyi ke ajiye littattafan siffanta sojoji, inda ake rubuta shekarun mutum, tsayinsa, launin gashinsa da idanunsa, sana'arsa da gundumar cocin da aka haife shi. Babban abin da ake gudu shi ne soja ya tsere. Wanda ya gudu daga bariki gida yakan nufa, saboda haka hukuma ta fi damuwa da sanin garinsu da kamanninsa fiye da ranar haihuwarsa. A irin waɗannan littattafai sunan gari ya fi adadin shekaru abin dogaro, ko da yake akawun da bai san yankin ba yakan rubuta sunan ƙauye yadda kunnensa ya ji, ko kuma kurtun da kansa ya ambaci babban garin da ke kusa don a huta da tambaya.

Fansho ne ya sa aka fara neman hujja. Sarki Charles na II ya kafa asibitin 'yan mazan jiya na Chelsea a 1682, kuma takardun sallamar sojojin da aka duba batun fanshonsu daga 1760 zuwa 1913 suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Amma a Amurka ne wannan al'amari ya fi barin gado mai kauri. Dokar 1832 ta faɗaɗa ƙofar fansho ga waɗanda suka yi yaƙin neman 'yanci, kuma an wajabta wa kowane dattijo ya tsaya gaban kotu ya faɗi inda aka haife shi da shekarar, ya kuma faɗi ko yana da rubutacciyar shaidar shekarunsa da inda take. Daga 1836 matan da mazajensu suka rasu su ma suka samu dama, bisa sharaɗin su tabbatar da aurensu. Iyalai da dama ba su da wata shaida sai shafin da ke cikin Littafi Mai Tsarki na gidansu, wanda aka saba rubuta aure da haihuwa da mutuwa a kai, sai suka yage shi suka aika wa gwamnati. Waɗannan shafuka suna nan cikin fayiloli har yau, da rubutun hannun masu gidan.

Bayan yaƙin basasar Amurka abin ya ƙara tsananta. Dokar 1907 ta ɗaure kuɗin fansho da shekaru: dala 12 a wata ga mai shekara 62, dala 15 ga mai 70, dala 20 ga mai 75. Nan take ranar haihuwa ta zama kuɗi, ofishin fansho kuma ya daina yarda da fatar baki. Aka riƙa neman takardar baftisma, rantsuwar 'yan'uwa da maƙwabta, har da duba tsofaffin littattafan ƙidayar jama'a don a ga shekarun da aka rubuta wa mutum yana yaro. A ganina, duk wanda ya samu fayil ɗin fansho irin wannan ya samu abin da ya fi takardar shiga soja daraja sau da yawa, domin a nan ne kaɗai aka sa wani ma'aikaci ya yi jayayya da abin da sojan ya faɗa.

Faransa ta bi wata hanya daban. Tun dokar Jourdan ta 1798 aikin soja ya zama wajibi, kuma wajibci yana buƙatar gwamnati ta san kowane saurayi kafin ya kawo kansa. Magadan gari ne ke tsara jerin samarin da suka cika shekara ashirin, suna dogara da rajistar haihuwa. Daga 1867 kowane matashi yana da shafinsa a littafin rajistar soja, ɗauke da ranar haihuwarsa, garinsu, sunayen iyayensa, siffarsa, matakin karatunsa da duk wuraren da ya zauna daga baya. An kasa su rukuni-rukuni bisa shekarar da suka cika ashirin, ta yadda ɗan rukunin 1914 haifaffen 1894 ne. Tun da bayanin daga ofishi ya fito, ba daga bakin kurtu ba, kuskure a nan kaɗan ne. Ana ajiye waɗannan littattafai a ma'adanun larduna, an kuma ɗora da yawansu a intanet.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna bambancin hanyoyin biyu ƙarara. A 1914 Birtaniya 'yan sa kai take ɗauka, fom ɗin shiga kuma yakan tambayi shekaru ne kawai, ba a neman takardar haihuwa, likita ya duba jiki ya rubuta shekarun da ya ga sun dace. Doka ta ce sai mai shekara 18 zai shiga, sai mai 19 za a tura ƙetare, amma sajan mai ɗaukar kurata ana biyansa sule biyu da sisi kan kowane mutum, don haka ba ya da ƙwarin gwiwar tsananta bincike. Sidney Lewis ya shiga a 1915 yana da shekara 12, ya yi yaƙin Somme a Faransa yana da 13, kuma sai da mahaifiyarsa ta aika da takardar haihuwarsa aka dawo da shi gida. Dubban yara sun ƙara shekaru kamarsa, manya da yawa kuma sun rage nasu don kada a ce sun tsufa. Mai bincike da ya ɗebe shekarun da ke kan fom daga shekarar shiga zai iya kuskure da shekara biyu, uku, ko fiye. Kanada ta tambayi cikakkiyar ranar haihuwa a nata fom, amma ita ma abin da mutum ya faɗa aka rubuta. A Amurka an yi wa maza kimanin miliyan 24 rajista a 1917 da 1918, ko sun tafi yaƙi ko ba su tafi ba. Katin zagayen farko na 5 ga Yunin 1917 ya tambayi rana da wurin haihuwa, na ƙarshe na 12 ga Satumban 1918 kuwa ya tambayi ranar ya bar wurin.

Wuta ta cinye kaso mai yawa na wannan tarihi. A watan Satumban 1940 bama-baman Jamus suka faɗa kan rumbun Ma'aikatar Yaƙi da ke titin Arnside a Landan, kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin ƙananan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka salwanta. Waɗanda suka tsira, da ake ajiye su ƙarƙashin lambar WO 363, za a ga gefensu a babbake, tawada ta narke saboda ruwan kashe gobara, wani lokaci ma daidai layin shekaru ne wuta ta lashe. A Afrilun 1945 ma'adanar sojan Prussia da ke Potsdam a Jamus ta ƙone, yayin da littattafan sojojin Bavaria suka tsira a Munich. Ranar 12 ga Yulin 1973 kuma gobara ta tashi a cibiyar fayilolin ma'aikata ta St. Louis a Amurka, ta lalata fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Tun daga nan ake faci da takardun albashi, na asibiti, na lambobin yabo da na fansho.

Sojojin Afirka da suka yi wa turawan mulkin mallaka aiki nasu sha'anin ya fi wuya. Gwamnan mulkin mallaka Faidherbe ya kafa rundunar 'yan Afirka ta Faransa a Senegal a 1857, Lugard ya tsara rundunar Birtaniya ta Afirka ta Yamma a 1897, kuma daga cikinta aka fitar da runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Burma. Yawancin waɗannan kurata babu rajistar da aka rubuta haihuwarsu, saboda haka ƙiyasin likita ne ya zama shekarunsu, akawun Faransa ya rubuta cewa an haifi mutum wajen shekara kaza. Sau da yawa sunan gari ko na ƙabila ne ya maye gurbin sunan uba, kamar Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast (Ghana ta yau), wanda aka ce shi ne sojan Birtaniya na farko da ya yi harbi a yaƙin 1914, a ƙasar Togo. Irin wannan suna manuniya ce ga yankin da mutum ya fito, amma ba hujja ba ce, domin yana iya zama inda aka ɗauke shi aiki ne kawai. Abin da ya fi taimako shi ne gundumar da aka rubuta, sunan hakimi ko magaji, da tsagen fuska idan an siffanta shi. Ga wasu ma ko wannan babu: rahoton da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta fitar a 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da sunansu ba, ko ba a tuna da su sam.

A yau lambar soja ce mabuɗi, domin suna yana maimaituwa kuma rubutunsa yana canzawa daga akawu zuwa akawu. Akan same ta a jikin takardar sallama, littafin albashi, ko a gefen lambar yabo ta Birtaniya ta yaƙin farko, inda aka buga ta tare da suna da bataliya. Sauran shingen na doka ne. Amurka tana buɗe fayil ga kowa bayan shekara 62 da sallamar soja. Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta fara miƙa fayiloli kusan miliyan 10 ga ma'adanar Kew tun 2021, amma ƙa'idar ita ce fayil ya kasance a rufe har sai an cika shekara 115 da haihuwar mai shi, in ba an gabatar da shaidar rasuwarsa ba. Fom ɗin neman fayil ɗin kuma, bayan cikakken suna, abin da yake tambaya shi ne ranar haihuwar sojan, wato ainihin abin da mai nema ya zo nema, don haka masu bincike sukan sa shekarar da suka ƙiyasta su haɗa da lambar soja da sunan bataliya.