In'ina ba ciwon harshe ba ce

Da yawa sun ɗauka mai in'ina harshensa ne ya ɗaure, ko tsoro ne ya kama shi tun yarinta. Harshensa ƙalau yake. Matsalar tana ƙwaƙwalwa, a sashen hagu na gaba, inda ake tsara motsin baki da lokacin fitar kowace gaɓa. Shi ya sa in ya yi waƙa, ko ya karanta tare da wani murya ɗaya, magana kan zubo masa sumul.

A kan wannan ne masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila suka yi gwaji da manya maza 30 masu in'ina, sakamakon ya fito a 2018. An ɗora soso biyu jiƙaƙƙu da ruwan gishiri, ɗaya a gefen hagu na kai, ɗaya a goshi sama da idon dama, aka saki lantarki mai rauni ƙwarai (miliamfa 1) na minti 20, kwana biyar a jere. Ba girgiza, ƙaiƙayi kawai ake ji. Rabinsu na bogi aka yi musu.

Lantarkin shi kaɗai ba ya gyara magana. Yana sa jijiyoyin wurin su fi saurin ɗaukar horo ne, don haka a lokacin suna karatu tare da wani, ko suna magana bisa bugun wata na'ura mai bugawa a kai a kai. Waɗanda aka yi wa na gaske sun sami sauƙin in'ina fiye da na bogi; bayan mako shida sauƙin ya ɗore a karatu, amma a hira ya gushe.

Kada a gwada a gida: soso in ya bushe yakan ƙona fata, kuma in aka juya wayoyin tasirin na iya juyewa.