Mashigar Suez: yadda jirgi ke ratsa ta da abin da yake biya

Ina mashigar take?

Tana ƙasar Masar, ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, daga Port Sa'id a arewa zuwa birnin Suez a kudu. Tsawonta kilomita 193, an buɗe ta a 1869. Babu matakan ɗaga jirgi irin na Panama, domin ruwan tekunan biyu kusan kai ɗaya yake.

Jirgi yana isowa sai ya shige?

Ina! Tun yana hanya ejan ɗinsa na Masar zai yi masa rajista a Hukumar Mashigar Suez, ya biya kuɗin. Da ya iso sai ya saki anga a wurin jira, har a ba shi lamba a cikin ayari. Da asuba ayari ke tashi, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu.

Dole ne jagoran hukuma ya hau jirgin, kuma akan canja shi a Isma'iliyya, birnin da ke kusan tsakiyar mashigar. Amma ko da jagora, alhakin jirgi yana wuyan kyaftin. Ana kafa babbar fitila a goshin jirgi, a ɗora kwale-kwalen masu ɗaure igiya, ko da za a tsaya a gefe. Gudu kuwa ba ya wuce kusan kilomita 16 a awa, don kada igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa. Tafiyar takan ci awa 12 zuwa 16.

Kowane jirgi na iya wucewa?

A'a. Zurfin da gindin jirgi ke nitsewa cikin ruwa kada ya haura mita 20.1. Babbar tankar da ta yi maƙil sai ta rage ɗanyen mai a tashar Ain Sukhna da ke ɓangaren Bahar Maliya, a tura shi ta bututun mai da ake kira SUMED zuwa tashar Sidi Kerir da ke gaɓar Bahar Rum, in ta ratsa mashigar ta sake ɗauka a can.

To nawa ake biya?

Babu farashi guda. Ba darajar kaya ake dubawa ba, girman cikin jirgi ake aunawa da ma'aunin tan na Suez, wanda ke rubuce a takardar shaidar kowane jirgi. Sannan a duba nau'insa: na kwantena ne, tanka ce, ko na hatsi, da lodi yake ko wofi. Tan ɗin farko sun fi tsada, farashin na sauka yayin da adadin ke hawa. Da kuɗin lissafi na IMF, wato SDR, ake ƙididdigewa, a biya da dala ko yuro. Babban jirgin kwantena yakan biya dala dubu ɗaruruwa a wucewa ɗaya, ban da kuɗin ejan, jiragen ja da tarar makara.

Me zai sa a biya wannan uban kuɗi?

Zagaya Afirka ta ƙasa yana ƙara kimanin kwana 10 tsakanin Asiya da Turai, ga mai, ga albashi, ga hayar jirgi. Kamfani lissafi yake yi, kuma hukumar ta san haka, shi ya sa take yi wa wasu masu dogon zango rangwame.

Me ke kawo cikas?

Guguwar yashi, mutuwar inji, da ƙuncin hanya inda layi ɗaya ne. A Maris 2021 jirgin kwantena mai suna Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a ɓangaren kudu, ya toshe hanya kwana shida. Tsaro ma na cikin lissafi: hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya sun kori jirage, kuɗin da mashigar ke samu a shekara ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kimanin biliyan 4 a 2024.