Gwajin Maganin Trovan a Kano (1996)

Gwajin Trovan gwajin magani ne da kamfanin Pfizer na Amurka ya gudanar a kan yara kusan 200 a birnin Kano a shekarar 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara 11 daga cikinsu sun rasu, wasu kuma suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. An shafe shekaru ana kai-kawo a kansa tsakanin kotunan Kano da Abuja da New York, har ya zama ɗaya daga cikin shari'o'in da ake kafa hujja da su a duniya kan haƙƙin yaro marar lafiya da matsayin izinin iyayensa.

Annobar

Arewacin Najeriya na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla da rani, daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 ta fi duk waɗanda aka saba gani muni: sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, kusan 12,000 suka mutu, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa sun taso a lokaci guda. A Kano an riƙa kwasar marasa lafiya zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wato Asibitin Zana, inda gadaje suka ƙare har aka koma shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana nan tana ba da maganin chloramphenicol kyauta, wanda an daɗe da sanin aikinsa. Zamanin mulkin Janar Sani Abacha ne.

Yadda aka yi gwajin

Trovan sunan kasuwa ne na trovafloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da Pfizer ke neman a ba shi izinin sayarwa a Amurka. Ayarin kamfanin ya sauka a wannan asibiti, ya raba yaran da ya ɗauka gida biyu. Rabi aka ba su Trovan, akasari na sha. Sauran rabin aka yi musu allurar ceftriaxone, maganin da aka yarda da shi, sai dai bayan allurar farko an rage adadin zuwa miligiram 33 a kan kowane kilo na nauyin yaro, maimakon 100. Kamfanin ya ce ya rage ne saboda zafin allurar, kuma adadin ya wadatar. Masu ƙara suka ce ragin ya sa Trovan ya fito kamar ya fi. Biyar suka rasu a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Bayan kimanin mako biyu ayarin ya tattara ya koma, annoba na ci gaba.

Takardun gwajin sun nuna wata yarinya 'yar shekara 10 da aka sa wa lamba maimakon suna. An ɗora ta a kan Trovan, jikinta ya riƙa tsananta, amma ba a sauya mata magani ba har ta cika bayan kwana uku. A ƙa'idar irin wannan bincike, da zarar an ga sabon magani ba ya karɓar marar lafiya, akan mayar da shi kan wanda aka sani.

A ƙarshen 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Trovan ga manya, ba ta amince da shi ga yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi.

Batun izini

Pfizer ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran kuma ya naƙasa sauran, cewa kashi 94 cikin ɗari na waɗanda ya duba sun rayu, kuma gwamnati ta san da zuwansa. Gaskiya ne sanƙarau da kansa yana kurumtarwa yana kisa, kuma da wuya a tabbatar da abin da ya kashe kowane yaro shi kaɗai. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce ko uwar da ta goyo ɗanta wuyansa a sanƙare ta san cewa gwaji za a yi da shi, ko an gaya mata tana iya cewa a'a, ko kuma an nuna mata cewa a harabar nan ana ba da sanannen magani kyauta. Iyayen da suka shigar da ƙara sun ce ba a gaya musu ko ɗaya ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa kuma iyaye sun yarda da baki, amma bai gabatar da takardun amincewa masu sa hannu ba. Yardar wanda ke tsaye kan ɗansa yana fizge-fizge, bai iya karatun boko ba, kuma yana ganin duk mai farar riga likitan taimako ne, tana buƙatar kariya fiye da ta kowa, kuma ita ce aka yi wa riƙon sakainar kashi.

A Disamban 2000 jaridar Washington Post ta fallasa labarin. Daga nan aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan wata baya. A lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya ce gwajin haramtacce ne na maganin da ba a yi wa rajista ba, kuma ya saɓa wa dokar Najeriya da Sanarwar Helsinki kan ɗa'ar binciken lafiya a jikin ɗan Adam da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Rahoton ya kwanta shiru har 2006, lokacin da aka kwarmata shi ga jarida.

Shari'o'i

A 2001 wasu iyalai suka kai ƙara New York, a shari'ar da aka sani da Abdullahi da Pfizer, bisa wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ke bai wa baƙo damar ƙara kan keta dokar ƙasa da ƙasa. Kotun farko ta yi ta korar ƙarar. A Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, ta ce haramcin gwada magani a jikin ɗan Adam ba da izininsa ba ya zama tabbatacciyar dokar duniya, tana kafa hujja da Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 kan gwaji a jikin ɗan Adam da abin da ya biyo bayansu. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraren ƙorafin Pfizer a 2010, aka kuma sasanta a 2011 bisa sharuɗɗan da ba a bayyana ba. Daga baya, a shari'ar Kiobel ta 2013 da wasu 'yan ƙabilar Ogoni suka shigar kan kamfanin Shell, Kotun Ƙolin ta ƙuntata damar amfani da waccan doka ta 1789 idan abin ya faru ne a wajen Amurka.

A gida kuwa, gwamnatin Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da ƙarar laifi da ta neman diyya a 2007, Gwamnatin Tarayya ma ta nemi kusan dala biliyan 7. A Yulin 2009 Kano ta yi sulhu a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a.

Rabon diyyar ya zo da nasa ciwon. Sama da mutum 500 suka fito neman haƙƙi a gwajin da aka yi da 200, sai aka gindaya gwajin ƙwayoyin halitta domin tantancewa. Iyalai da yawa sun yi ɗari-ɗari da sake miƙa wani abu na jikinsu, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Abin da ya biyo baya

Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, Trovan na cikin abin da mutane ke ambata a majalisu da masallatai, tare da jita-jitar hana haihuwa. An dawo da rigakafin a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da dama suka shanye.

Ta fuskar doka, Najeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007, ƙarƙashin wani kwamiti na tarayya da ke yi wa kwamitocin asibitoci da jami'o'i rajista. Kundin ya wajabta a yi bayani da harshe mai sauƙi, ya kuma tanadi dangwala yatsa a gaban shaida ga wanda bai iya rubutu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da cewa ba za a yi bincike a jikin yaro ba sai da rubutaccen izinin mahaifi ko waliyyi bayan an fahimtar da shi, kuma idan binciken na magani ne, dole ya kasance domin amfanin yaron kansa.