Ciwon da allura ba ta kaiwa gare shi

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Uwa za ta kawo yaro mai tamowa, mu auna damtsensa, awo ya nuna ja, mu ba ta abincin gyaɗar nan na cikin leda. Bayan wata biyu sai ga ta da shi, jiya i yau. In an bi diddigi, sai a tarar an sake ta, ko maigidan ya tafi cirani babu aike, abincin da muka ba yaro ɗaya 'ya'ya huɗu ke rabawa. Nan ƙarfinmu ya ƙare. Sauran aikin na ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, wanda zai bi ta har gida, ya zauna da dangi da mai unguwa, ya san ofishin da za a kai kukanta, kuma ya ci gaba da leƙowa.

Mutane da dama na zaton tausayi kawai aikin ke buƙata. Na taɓa ganin mai kyakkyawar niyya ya fallasa yarinyar da aka yi wa fyaɗe a gaban mutane, shi a ganinsa taimakonta yake yi. Har yau abin na sosa mini rai. A jami'a ake koyon riƙe sirri, da yadda ake tambayar yaron da ya firgita ba tare da an fama masa ciwo ba, da rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Can ake karanta dokar kare haƙƙin yara ta 2003, da ta hana cin zarafi ta 2015, da ta masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019. Kuma sai ɗalibi ya yi aikin gwaji a asibiti, gidan marayu ko gidan gyaran hali kafin ya kammala.

Jami'ar Nsukka ta fara koyar da fannin aikin jin daɗin jama'a (Social Work) tun 1976, yanzu kuma ana karanta shi a Ibadan, Benin, Ilorin da Jos. A 2022 aka yi dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista a Najeriya.

Muna buƙatar namu su shiga. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wa zai sasanta ta da gidan da ya guje ta? Ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, haka ma uwar da ke gudun hijira a Maiduguri.

Digirin shekara 4 ne ta hanyar JAMB, mai difloma a fannin kuma yakan shiga daga aji biyu. Iyaye, in kuna da 'ya ko ɗa mai haƙuri da iya sauraro, ku zauna ku duba wannan kwas tare kafin a cike fom na bana.