Gada da ƙofar fita a kan rauta ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da matasanmu masu koyon haɗa kwamfutoci a Agege da kasuwar Computer Village ta Ikeja suke yawan yi mini.

Mece ce gada a kan rauta?

A asali rauta, na'urar da ke miƙa saƙo tsakanin rukunonin kwamfutoci, tana aiki ne a mataki na uku na tsarin sadarwar kwamfutoci, tana duba adireshin IP, wato lambar da ake ba kowace na'ura a rukuni, kuma kowace ƙofarta, wato ramin soka waya, rukuni ce dabam. Idan aka kafa gada, sai ƙofofi biyu ko fiye su koma tamkar suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci a rukuni ɗaya, suna miƙa saƙo bisa adireshin MAC, lambar da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta, kuma wannan shi ne aikin mataki na biyu. Da haka firintar da ke ƙasan shago da kwamfutocin da ke bene za su zauna a rukuni ɗaya.

To, ta ina za su fita zuwa intanet?

Ta wata ƙofa da ake ƙirƙira a cikin manhaja, wadda ba ta da ramin soka waya. Kamfanin Cisco na kiranta BVI, kamfanin Juniper kuma irb. A kanta ake ɗora adireshin IP, ita ce mafitar kowa. Kada a ɗora adireshin a kan ƙofofin da aka saka cikin gadar. Nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, har masu amfani da rautocin kamfanin MikroTik.

Yaya ake saitawa a Cisco IOS, manhajar rautocin Cisco?

A fara da bridge irb, sai bridge 1 protocol ieee, sai bridge 1 route ip. A shiga kowace ƙofa a rubuta bridge-group 1, sannan a buɗe interface BVI1 a ba ta adireshi, misali 192.168.10.1. Wajibi ne lambar BVI ta dace da lambar gadar. Wanda ya manta da route ip zai tarar kwamfutoci suna ganin juna lafiya lau, amma babu wadda take fita waje.

Me ya sa bayan an tayar da janareta ƙofa take jinkiri kafin ta fara aiki?

Bayan lokacin da rautar kanta take ɗauka kafin ta farka, akwai aikin Spanning Tree, tsarin hana saƙo yin zagaye da Radia Perlman ta ƙirƙira a 1985. Ƙofa tana saurare na daƙiƙa 15, ta koyi adireshi na wasu 15, kafin ta fara miƙa saƙo. Ina roƙon kada a kashe Spanning Tree saboda gaggawa, domin waya ɗaya da aka soka bisa kuskure tsakanin ƙofofi biyu ta isa ta sa saƙo ya yi ta zagaye har komai ya tsaya cik.