Bashin Manchester United: Wa Ya Ci, Wa Ke Biya?

A gidajen kallon ƙwallo ana yawan ɗora wa koci ko 'yan wasa laifin lalacewar Manchester United, amma magoya bayan da ke Ingila sun fi shekara 20 suna nuna yatsa ga masu kulob ɗin, wato iyalan Glazer na Amurka.

Yaya aka yi kulob mai arziki haka ya wayi gari da bashi a wuya?

A shekarar 2005 Malcolm Glazer ya sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790, kuma mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba, rance ya ci. Da cinikin ya faɗa, sai aka jingina kadarorin kulob ɗin, aka mayar da kaso mai tsoka na bashin a kansa. Kamar mutum ne ya karɓi bashi ya sayi babban shago a kasuwa, sannan ya ce daga cinikin shagon za a riƙa biyan bashin da kuɗin ruwansa, shi kuwa shagon nasa ne. Kafin wannan ciniki United ba ta da bashi. Wani ɓangare na rancen kuma kuɗin ruwansa ya haura kashi 14 cikin 100 a shekara, kuma ruwan ya riƙa taruwa ne a kan uwar kuɗi, don haka bashin ya riƙa ƙaruwa ko da ba a ƙara cin ko kwabo ba.

Ai manyan kulob-kulob da yawa suna da bashi, me ya sa na United ya fi ciwo?

Abin dubawa shi ne abin da aka yi da kuɗin. Arsenal ta ci bashi ta gina filin Emirates da aka buɗe a 2006, Tottenham ma ta yi haka da sabon filinta a 2019, kuma kowannensu yana da gini a ƙasa da ke kawo kuɗi a duk ranar wasa. Bashin United bai aza bulo ɗaya ba, bai kuma sayi ɗan wasa ba. Ya sayi kulob ɗin ne kawai ga sabon mai shi. Idan aka haɗa kuɗin ruwa, da ladan bankuna, da ribar hannun jari da aka riƙa rabawa daga 2016, abin da ya fita daga kulob ɗin ya haura fam biliyan 1. A daidai wannan lokaci rufin Old Trafford ya fara yoyo, har aka ga ruwan sama yana kwarara kan kujerun 'yan kallo kamar daga indararo. A ganina, wanda ya biya tikiti ya zauna a ƙarƙashin wannan rufi yana da cikakken haƙƙin ya yi fushi.

Me magoya baya suka yi a kai?

Tun a 2005 wasu suka yi hijira gaba ɗaya, suka kafa FC United of Manchester, kulob ɗin da mambobinsa ne suka mallake shi, kowa da ƙuri'a ɗaya. A 2010 waɗanda suka zauna suka fara rataya ƙyalle kore da ruwan gwal a wuya, launin Newton Heath, sunan da aka kafa kulob ɗin da shi a 1878. Ma'anarsa ita ce suna son kulob ɗinsu amma ba sa son masu shi. Abin ya kai ƙololuwa ranar 2 ga Mayu, 2021, bayan yunƙurin kafa gasar Super League, wadda wasu manyan kulob-kulob na Turai, har da United, suka so ware wa kansu, lokacin da masu zanga-zanga suka kutsa cikin filin har aka ɗage wasan da za a yi da Liverpool.

Shigowar Jim Ratcliffe ba ta warware matsalar ba?

Ba ta warware ba. A Fabrairun 2024 wannan attajiri ɗan Birtaniya ya mallaki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari, aka danƙa masa harkar ƙwallo, amma rinjaye na nan a hannun 'ya'yan Glazer, waɗanda kowane hannun jarinsu ke da ƙuri'a 10, kuma tsohon bashin yana nan. Abin da magoya baya suka fara gani shi ne sallamar ma'aikata 250 da mayar da tikitin wasu wasanni fam 66, ba ragi ga yara ko tsofaffi.

Za a iya sake sayen wani kulob ta wannan hanya?

Ƙofar ta ƙuntata, amma ba a rufe ta ba. A 2023 kulob-kulob na Firimiya suka amince cewa rancen da za a ɗora wa kulob wajen sayensa kada ya wuce kashi 65 cikin 100 na darajarsa, sannan a 2025 Birtaniya ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa binciken masu kulob da asalin kuɗinsu. Dokokin biyu ba su taɓa cinikin 2005 ba, United na ci gaba da biyan ruwan wancan rance.